Gidan Da Aka Cire Wa Matakala

Shafi na 14

Masu cika min waya da "ina ci gaba," ga shi nan, a sarara min. Ku kuma da kuka yi wa Injiniya ca a shafin baya, ku karanta wannan tukuna kafin ku yanke mata hukunci.

*

Ko sallama Yaya ba ta yi ba. Tura ƙofar ofishin kawai ta yi ta shigo, naɗaɗɗen zanen gidan a hammatarta kamar mai shirin kwaɗa wa wani.

Injiniya na tsaye a bakin dogon teburi, tana manna rufin baranda a jikin samfurin gidan da ta haɗa da kwali. A gida aka laƙaba mata Injiniya tun shekararta ta farko a jami'a. Ta gaji da gaya musu ita mai zanen gine-gine ce, sunan dai ya bi ta har ofis. Tana ganin fuskar yayarta ta ajiye gam ɗin.

"Yaya, sannu da zuwa. Ba gobe muka yi da ke ba?"

"Goben ce ta yi min nisa."

Yaya ta warware zanen a kan teburin. Ta danne kusurwa ɗaya da jakarta, ɗaya da mukullin mota, ɗaya da kofin shayin Injiniya.

"Ina matakalata?"

Wata biyar ke nan suna kan zanen nan. Gida ne da Yaya da mijinta Kyaftin, matuƙin jirgin sama, za su gina a babban filin da suka saya a bayan gari. Tunda Injiniya ta buɗe ofishinta aiki irin wannan bai taɓa shigowa hannunta ba. Abin da Yaya ta nema tun ranar farko ɗaya ne: gidan da mutum ba zai gane inda falo ya ƙare lambu ya fara ba. Bangon gilashi mai zugewa, kicin da tagarsa ke buɗewa kan teburin cin abinci na waje, wurin iyo, da matakala mai lanƙwasa zuwa ɗakinsu a sama.

"Yaya, zauna mana."

"Ban zo zama ba. Matakalar da muka yi sati guda muna gardamar kalar katakonta. Ina take?"

"Tana nan. Na mayar da ita baya, kusa da ɗakin baƙi."

"Baya. Kamar tsintsiya."

Yaya ta matsar da yatsa zuwa wani wurin.

"Ɗakinmu fa? Sama na ce miki. Ina so in farka in ja labule in hango lambuna daga sama. Kin sauko da mu ƙasa."

"Ƙofarsa kai tsaye take buɗewa cikin lambun. Daga gado, taki shida kin taka ciyawa."

"Ce miki aka yi ni akuya ce?"

Da a wata rana ce da sun yi dariya su biyu. Yau babu wadda ta yi.

Yaya ta ci gaba da bin zanen da farce, tana dangwala kowane wuri kamar malamar da ke duba jarrabawar ɗalibin da ba ta so.

"Falon da na ce a gangara masa da taki uku, kin daidaita shi da ƙasa. Gilashin da na ce ina so tas, kamar babu komai a wurin, kin zagaye kowanne da baƙin katako, kin ja masa layi a tsakiya kamar tagar asibiti. Wurin iyo kin ɗaga masa baki har gwiwa, kin sa masa ƙofa."

"Saboda yara."

"Yaran da suka fi ni iya iyo?"

"Yaya..."

"Wannan siririn layin kuma mene ne?"

"Ruwa ne mai gudu. Zai taso daga bakin falo, ya bi gefen baranda, ya ƙare a ƙofar ɗakinku."

"Lambatu. A tsakar gidana."

"Ba lambatu ba ne. Da dutse za a jera shi, ruwan na zagayawa ne."

"Lambatu mai tsada ke nan."

Sai a lokacin Yaya ta ja kujera ta zauna. Ta cire tabarau ta ajiye. Muryarta ta sauka, kuma Injiniya ta san wannan muryar. Ita ce wadda Yaya ke yi tun suna yara in ta riga ta san wa ya fasa faranti, tana jira a faɗa da baki.

"Jiya na shimfiɗa wa Kyaftin zanen nan. Kin san me ya ce? 'Ya yi kyau.' Shi ke nan. Mutumin da ya sa mai fenti ya sake fentin falonmu har sau biyu saboda farin bai yi masa ba. An rushe masa rabin gida a takarda, ya ce ya yi kyau. Ruwa ba ya tsami banza."



"Da zan shigo na tsaya gaisawa da mai gadinku," in ji Yaya. "Yake ce min ranka ya daɗe bai zo ba yau? Na ce wane? Ya ce maigidana. Wai sau uku ya zo a watan nan. Ni ban sani ba."

"Yaya, wallahi ba abin da..."

"Dakata. Ba zargin banza nake miki ba, na san wadda na goya. Amma ku biyu kun zauna kun canza min gida a bayan idona, kun mayar da ni 'yar kallo. Ki gaya min dalili. In ba haka ba in naɗe zanena in kai wa wani, daga yau kuma tsakanina da ke sai gaisuwa."

Gaba kura, baya sayaki.

Sati uku da suka wuce Kyaftin ya zauna a kan wannan kujerar da Yaya ke kai. Injiniya ta miƙa masa shayi ta gefen hagunsa, ta daɗe riƙe da kofin bai karɓa ba. Sai da ta yi magana ya juyo da kansa gaba ɗaya. A ranar ya gaya mata. Kafin ya fita ya sa ta yi masa alkawari ba za ta ce komai ba sai ya gama gwaji na ƙarshe, shi zai faɗa wa Yaya da bakinsa. Ta yi alkawarin. Tun ranar ba ta ƙara cin abinci a gidan Yaya ya wuce mata wuya daidai ba.

"Ki tambaye shi, Yaya."

"Ke nake tambaya."

"Amana ce."

"Ni kuma mece ce a wurinki? Baƙuwa?"

Yaya ta miƙe ta fara naɗe zanen. Ba barazana take ba. Injiniya ta san yayarta, in ta fita ƙofar nan da takardar a hannu, shi ke nan.

"Tsaya."

Yaya ta tsaya.

"Ba ni hannunki."

"Me zan yi?"

"Ki ba ni kawai. Ki rufe idonki."

"Ke, ba wasa na zo ba."

"Ni ma ba wasa nake ba."

Yaya ta kalle ta na ɗan lokaci, sannan ta miƙo hannun ta rufe ido. Injiniya ta ja ta zuwa kantar da take jera samfurin kayan gini. Ta ɗora tafin Yaya a kan tayil na farko.

"Me kika ji?"

"Santsi. Sanyi."

"Falo ke nan."

Ta matsar da hannun gaba.

"Wannan fa?"

"Kaushi."

"Kin fito baranda. Babu taki, babu dandamali, ƙafarki ce za ta gaya miki kin fita daga ɗaki."

Ta sake matsar da shi kan wani ɗan akwati.

"Tsakuwa," in ji Yaya.

"In kika ji ta a ƙarƙashin takalminki, kin kama hanyar ƙofar waje, akwai motoci a gaba, ki tsaya. In kina jin ƙarar ruwa a hannun damanki, ɗakinku kika nufa. In a hagu ne, falo kike komawa."

Injiniya ta ci gaba, don ta san in ta tsaya ba za ta iya ƙarasawa ba.

"A ƙofar ɗakinku furen yasmin za a shuka. A ƙofar kicin, na'a-na'a. A ɓangaren yara, bishiyar lemo. Kowace ƙofa da ƙamshinta. Bangon baranda kuma akwai katakon dafawa tun daga farko har ƙarshe, na ɓoye shi a jikin ado, ba wanda zai gane."

Yaya ta buɗe ido a hankali. Ta dubi tayil ɗin, ta dubi samfurin gidan, ta dubi ƙanwarta.

"Gidan makaho kika zana."

Injiniya ta sunkuyar da kai.

"Gidan makaho kika zana min."

"Bai makance ba tukuna, Yaya."

Babu ihu, babu faɗuwa. Yaya ta koma kan kujerar ta zauna, ta ɗora hannuwanta biyu a kan gwiwa. Fankar ofishin na ta ɗaga gefen takardar tana saukewa.

"Faɗa min duka."

"Ciwo ne da ke cinye gani daga gefe-gefe. Ya ce yanzu kamar yana leƙen duniya ta cikin bututu ne. Abin da ke gabansa yana gani sarai. Na gefe babu. In haske ya ragu kuma abin ya fi tsanani."

"Magani fa?"

"Sun ce za a iya rage masa gudu. Ba su ce za a tsayar da shi ba."

"Har yaushe?"

"Shekara biyu. Wataƙila uku, in an yi sa'a."

"Yana tuƙa jirgi da mutane a haka?"

"A'a. Shi da kansa ya kai rahoto. Wata huɗu ke nan rabonsa da tashi. Sun mayar da shi sashen koyar da sababbin matuƙa, a ƙasa."

Yaya ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Wata huɗu. Ni nake goge masa kayan aikin nan da hannuna, ban yarda kowa ya taɓa ba. Ni nake haɗa masa jaka. In ya ce zai kwana biyu a hanya, ina yake zuwa?"

"Asibiti. A wani gari, don kar ya haɗu da wanda ya san ku."

"Shi ya sa ya ɗauki direba."

"E."

"Ya ce min cunkoson hanya ne ya ishe shi. Kofina uku ya fasa a wata ɗaya. Ina ta tsokanarsa wai tsufa ya zo. Ranar nan ya buge ƙofar firij da kafaɗa, na ce masa ko sai na sa mata fitilar filin jirgi. Har dariya ya taya ni."

"Ba ki sani ba ne, Yaya."

"Su wa suka sani?"

"Likitansa. Shugabansa a wurin aiki. Sai ni."

"Sai ke. Shekara goma sha shida ina tare da mutum, sai ke."

Injiniya ta durƙusa a gabanta. Ta so ta kama hannunta, Yaya ta janye.

"Ba don na fi ki ba ne. Don ni ke riƙe da fensir ne. Ba yadda zai yi a canza gidan ba tare da na sani ba."

"To ni me ya hana ya gaya min? Ya ɗauka guduwa zan yi?"

"Na tambaye shi. Ya ce tun kina amarya kike zana gidan nan a bayan kowace takarda da ta shigo hannunki. Ya ce in kika ji, za ki ce a fasa ginin a zauna jinya. Shi kuma yana so a gama yana da sauran gani, ya zagaya shi ya haddace."

Yaya ba ta ɗago ba.

"Abu ɗaya ya roƙe ni. Ya ce, 'Ƙanwata, ki zana min inda zan iya ɗaukar shayi daga kicin in kai wa yayarki lambu, ba tare da wani ya riƙe min hannu ba.' Shi ke nan abin da na zana."

A nan ne hawayen ya zo. Ba da yawa ba. Yaya ta sa gefen mayafi ta goge, ta ja hanci, ta mayar da tabarau.

"Kin ci amanarsa," ta ce.

"Na sani."

"Da kin ƙi ci kuma, da kin ci tawa."

"Na sani."

"Tashi daga ƙasa, kina ɓata kayanki. Ba ni fensir."

Injiniya ta miƙa mata. Yaya ta sake warware zanen, wannan karon a hankali, tana shafe inda ya yamutse. Ta fara daga kicin.

"Wannan teburin na tsakiya, kusurwarsa kaifi gare ta. Ki lanƙwasa."

"To."

"Ƙofofin kabad duka su zama masu zugewa. Ni ba na tuna rufe su, zai riƙa buga goshi."

"To."

"Yasmin ɗin nan ki cire. Atishawa yake sa shi, bai gaya miki ba? Sa furen wardi."

"Bai gaya min ba."

"Ina zai gaya miki. Shi ma bai san me ke sa shi ba, ni na sani."

Injiniya na rubutawa a gefen takarda, hannunta na sauri. Wani nauyi da ta yi sati uku tana ɗauke da shi ya ɗan sauka. Ta san akwai rigima a gaba, tsakanin mata da miji, da kuma tsakaninta da Kyaftin. Amma dai Yaya na zaune, fensir a hannunta, gidan bai mutu ba.

"Lambatun nan kuma," in ji Yaya, "ki bar shi."

"Ba lambatu ba ne."

"Ki bar shi na ce."

Ta ɗaga takarda ta biyu, ta uku, ta huɗu. Rufin baranda. Inda za a sa fitilu a ƙasan hanya. Inda bishiyoyi za su yi inuwa da rana. A ƙarƙashin naɗin nata akwai wata takarda a kan teburin, sabuwa, wadda ba ta cikin waɗanda aka ba ta. Injiniya ta kai hannu za ta janye, Yaya ta riga ta.

"Wannan ban gan ta ba."

"Ban gama ta ba ne."

"Ina ne nan?"

"Barandar ɓangaren yara."

Yaya ta kusanto da takardar. Bangon ne aka zana daga gefe, da ƙofofi biyu, na babban ɗansu da na ƙaramarsu Gimbiya mai shekara shida.

"Ga katakon dafawar. Na gane. Wannan na ƙasansa fa?"

Injiniya ta kau da kai daga takardar.

"Layi biyu nake gani. Na sama kin rubuta santimita casa'in. Na ƙasa sittin. A sauran gidan duka ɗaya ne. Me ya sa nan biyu?"

"Shi ya ce in ƙara."

"Yaushe?"

"Shekaranjiya. Saƙo ya turo min."

"Daga ina zuwa ina?"

"Daga ƙofar Gimbiya zuwa falo."

Yaya ta ajiye fensirin. Ta ɗauki abin awo da ke gefen samfurin, ta ja shi, ta durƙusa ta kafa bakinsa a ƙasa. Ta bi lambobin da yatsa har sittin. Ta tsayar da tafin hannunta a daidai wurin, a iska. Ta daɗe tana kallon hannun.

Babba ba zai dafa nan ba sai ya sunkuya.

"Kin tambaye shi dalili?"

"A'a."

"Don me?"

"Tsoro na ji, Yaya."

"Ciwon nan... ana gado?"

"Ban sani ba. Wallahi wannan ban sani ba."

Yaya ta miƙe tsaye. Abin awon ya zuge kansa ya koma da ƙara.

"Yau ya ce kar in je ɗauko Gimbiya daga makaranta," ta ce a hankali. "Wai shi da direba za su je. Wai takalminta ya matse, za su biya kanti."

Ta dubi agogon bango. Ƙarfe huɗu saura. An tashi makaranta tun ƙarfe ɗaya.

Wayar Injiniya ta fara ruri a kan teburin, tana zagaya kanta a jikin katako. Su biyun suka kalli fuskar wayar lokaci ɗaya.

Kyaftin.

Injiniya ta kai hannu. Yaya ta dafe mata shi. Da ɗaya hannun ta amsa kiran, ta buɗe muryar yadda kowa zai ji, ta ɗora yatsa a kan leɓenta.

"Ƙanwata," in ji Kyaftin. A bayansa ana jin Gimbiya tana mita wai maganin da aka ɗiga mata ya sa hasken rana na yi mata zafi a ido. "Yanzu muka fito daga wurin likita. Katakon ƙasan nan, kar ki cire shi. Kuma don Allah, duk abin da ake ciki, kar yayarki ta..."

Yaya ta sunkuyo kan wayar.

"Ƙarasa, Kyaftin. Ina jin ka."